Bishiyar da Aka Gyara Mini

Sallama gare ku masu bibiyata, har da ku da kuka shigo yau ba ku san kowa ba. Ku gyara zama, don yau ban zo da dariya ba. Da yatsu biyu nake wannan rubutun, sauran duk sun sha yanka, kuma har yanzu in na tuna ranar Alhamis ɗin nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi.

Ga wanda bai san sana'ata ba, fitilu nake haɗawa da kayan da mutane suka zubar. Matacciyar wayar hannu, rimot ɗin da ya daina aiki, rediyon da ya sha ruwa, kwamfutar da aka fid da rai da ita, duk nawa ne. In farke su, in zaƙulo 'yan ƙwayayen fitilar da ke ciki, in gwada su ɗaya bayan ɗaya, masu rai in jera su a kwalin ƙwai. Batir kuwa daga cikin tsofaffin kwamfutoci nake ciro shi, farantin sola kuma daga fitilun da suka fashe. Rana ta yini tana cika batir, da ta faɗi fitilun su kama da kansu. Saboda wannan ne Gwaggo, yayar marigayi babanmu, ta raɗa mini 'Yar Bola, kuma sunan ya bi ni har gidan biki.

Wata bakwai na yi ina haɗa bishiyata a tsakar gidanmu, kusa da igiyar shanya. Gangar jikinta ƙafar tsohuwar fanka ce, rassanta eriyoyin talabijin ne da na lanƙwasa da hannuna, ganyenta kuma korayen allunan nan na cikin waya, na yanka su na goge bakinsu. Ƙwayayen fitila ɗari uku da goma sha biyu ne a jikinta, kuma babu biyu da suka yi kama. Wata ja ce, wata shuɗiya, wata ta tsufa har haskenta ya koma ruwan zuma. Abin da na fi so shi ne yadda take farkawa. Da yake baturan ba sa'annin juna ba ne, ba sa kamawa tare. Reshe ɗaya zai fara, can ƙasa, sai wani ya amsa daga sama, sai na gefe, har ta gama kamawa cikin minti huɗu ko biyar. Ko Umma da take cewa na mayar mata da gida juji, na sha kama ta ta tsaya da buta a hannu tana kallo.

To, akwai baje kolin da za a yi na ayyukan hannu, sharaɗinsa guda ɗaya tak: komai na jikin aikinka ya zama abin da aka zubar ne. Mutum goma sha biyu za a ɗauka. Shugabar abin, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta san wasa ba, ita da kanta take bi gida gida tana dubawa. Ni ta ba ni ranar Alhamis da magariba, don ta ga bishiyar tana kamawa da idonta.

Sai ga Injiniya. Wata uku ke nan yana zuwa wurina. Kamfanin saka sola yake da shi, irin masu hawa rufin manyan gidaje. Dogo ne, mai tsabta, ƙamshinsa yana riga shi shigowa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kirki da sakin hannu. Ranar da ya fara ganin bishiyar ya zagaye ta sau biyu, hannayensa a baya, ya ce, “Ikon Allah. Duk da wannan tarkacen kika yi wannan? Ina ga in kin sami kayan kirki?”

Na yi dariya a lokacin. Na ɗauka yabo ne.

Ranar Talata ya turo saƙo: “Gimbiya, Anti Babba, babbar yayata, da ƙanwata suna son zuwa su gan ki ranar Alhamis da yamma.”

Na ce, “Alhamis fa ita ce ranar da za a zo duba aikina.”

Ya ce, “Ai shi ya sa na zaɓe ta. Su ga irin matar da zan aura.”

Jama'a, wace ce za ta karanta wannan ba ta yi murmushi ba? Na yi, har da rungume filo.

Tun daren Laraba Gwaggo ta tare a gidanmu da jakarta. Da safe ko karyawa ban gama ba ta tsaya a kaina.

“Tashi ki tafi wajen kitso. Kalli kanki kamar an yi dambe a ciki.”

“Gwaggo, ina so in goge farantan sola tukuna, in duba...”

“Za ki duba uwar me? Wata bakwai kina dubawa. Mutanen kirki za su zo ganinki, ki tarbe su da hannu duk baƙin dalma? Na riga na gaya wa mai kitson, ƙanana za ta yi miki.”

Ƙananan kitso awa huɗu ne, kowa ya sani. Na dubi Umma ko za ta cece ni, sai na ga tana ta goge tiren da ya riga ya bushe, ta ƙi haɗa ido da ni, bakinta yana motsi kamar mai ɓoye dariya. Ban kawo komai a raina ba. Na goge farantan a gurguje, na juya su inda rana za ta same su sosai, na ɗauki mayafina na fita.

Ƙarfe ɗaya da rabi na dawo, fatar kaina tana zafi, idona ya ɗage saboda jan da aka yi wa gashin. Tun daga ƙofa na ji guɗar Gwaggo.

“Ga ta nan! Rufe idonki, 'Yar Bola, yau kin tashi daga bola!”

Ban rufe ba. Na shiga tsakar gida, na yi mutuwar tsaye.

Ƙafar fankar tana nan. Eriyoyin suna nan. Sauran komai babu. An kwashe ganyena kaf, an tsige ƙwayayen fitiluna, an naɗe kowane reshe da sabuwar igiyar fitila irin wadda ake sayarwa a naɗe, fara sol, an ɗaure ta da robobi a jere tsaf. Farantaina shida masu tsaga, waɗanda na like da hannuna, an cire su an kafa wani sabo guda ɗaya mai faɗin tabarma, ko ledar gefensa ba a gama ɓarewa ba. A gindin kuma ga wani farin akwatin batir yana ƙiftawa da koriyar wuta.

Na buɗe baki, magana ta ƙi fita.

Gwaggo ta ce, “Kin gani? Murna ta hana ta magana. Ma'aikatansa biyu ya turo, tun ƙarfe tara suke aiki, ko ruwa ba su tsaya sha ba. Komai sabo, daga kwali. Ke dai kin yi dace, wallahi. Wani saurayin ko kati ba zai saka miki ba.”

Umma ta matso tana murmushi. “Tun makon jiya ya same ni da maganar, ya ce kar a gaya miki. Ya ce yana jin nauyin ganinki kina wahala da ruɓaɓɓun kaya alhali ga su jibge a shagonsa.”

“Umma,” na ce, “ina kayana?”

“Waɗanne?”

“Kayana. Fitiluna. Ganyen. Baturan.”

Gwaggo ta taɓe baki. “Wannan sharar? Sun zuba a buhu sun tafi da ita. Har tsakar gidan suka share, 'yan albarka.”

Ku gaya mini, don Allah, in mace ta yi wata bakwai tana saƙa, sai wani ya zo ya warware ya ajiye mata rigar kanti a wurin, godiya ake yi? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi don mugunta. Da mugunta ce da na san inda zan kama. Fuskokinsu fes, suna jiran in yi tsalle.

Na shiga ɗaki na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa cike da fara'a.

“Gimbiya ta ga kyautarta?”

“Ina aka kai buhun?”

“Wane buhu? Au. Ke, manta da wannan. Kin ga farantin? Irin wanda nake saka wa manyan...”

“Injiniya, ina aka kai buhun?”

Ya ce, “Ina jin wajen 'yan gwangwan suka ajiye shi, na bayan tashar mota. Lafiya? Muryarki wata iri.”

“Na gaya maka sharaɗin baje kolin ko ban gaya maka ba?”

“Kin faɗa, amma ai wannan magana ce kawai. Wa zai ga aiki mai kyau ya tsaya tambayar daga ina waya ta fito? Ki kwantar da hankalinki, na san irin waɗannan abubuwan.”

Na kashe. Ban taɓa kashe masa waya ba sai ranar.

Gwaggo ta riga ta shimfiɗa mini kayan da zan saka a kan gado: leshi ruwan hoda mai duwatsu, ɗankwalinsa, da takalmi mai tsini da ta aro wajen 'yarta. Ta tsaya a bakin ƙofa sai da na saka, ta ja zif ɗin da kanta. Tana juyawa ta shiga kicin, na zari silifas ɗina da mayafi na fice ta ƙofar baya, na tare mai babur.

Filin 'yan gwangwan ba baƙona ba ne, rabin bishiyata daga nan ta fito. Amma ban taɓa shigarsa da leshi ba. Masu aiki suka dakata da guduma a hannu suna kallona, ina ɗage siket ina tsallake tsofaffin injinan wanki da ƙofofin firij. Mai Sikeli, dattijon da yake da wurin, yana zaune a rumfarsa. Yana ganina ya miƙe, bai ma bari na gaishe shi ba.

“Na san za ki zo, 'yata. Tun da na gani na ce ba lafiya ba.”

“Baba, buhun...”

Ya girgiza kai. “Ina masallaci aka kawo shi. Kafin in dawo yarana sun zazzage sun hau shi da guduma, kin san su, jan ƙarfen ciki kawai suke nema. Ina zuwa na ɗauki guntu ɗaya, na ga likin dalmar nan ƙanana ƙanana masu sheƙi, na ce kai, ku tsaya, wannan hannun yarinyar nan ne mai fitilu. Babu mai irin wannan likin duk cikin masu zuwa nan.”

Ya kai ni bayan rumfar. Tsibi ne ɗan ƙarami, bai kai gwiwata ba. Koren gari, fasassun gilasai, igiyoyin wuta an yage musu riga. Na durƙusa da leshin nan na sa hannu ina tonawa, a nan na yanke yatsuna, ban ma ji ba sai da na ga jini a kan duwatsun hannun rigar. Na gane su, wallahi na gane su. Ga shuɗiyar da na ciro daga rediyon mota. Ga jajayen nan uku na rimot ɗin maƙwabta. Duk an murƙushe.

Mai Sikeli ya shiga rumfa ya fito da abu naɗe a tsohuwar jarida. “Wannan kaɗai na ƙwace.”

Jeren reshe ɗaya ne, na can ƙasa, da ganyensa da ɗan batirinsa a maƙale. Na ƙirga, ƙwaya goma sha tara. Cikin ɗari uku da goma sha biyu.

Ya ce, “Wa ya yi miki wannan aika-aikar? Ɓarayi ne?”

Na ce, “A'a, Baba. Mai sona ne.”

Ya ce, “Allah ya kyauta,” ya kawo mini ruwa a gora na wanke hannu.

Wayata tana ta ruri a jaka. Kira tara daga Gwaggo, huɗu daga Umma, sai saƙon Injiniya: “Mun kusa. Don Allah ki saki fuska, Anti Babba tana da lura.”

Ƙarfe biyar da rabi na shiga gida. An shimfiɗa babbar darduma a tsakar gida, an fito da kujerun falo an jera su suna fuskantar bishiyar, ga lemo da ruwa a tire, ga kulolin abinci. Anti Babba ta hakimce a kujerar tsakiya, mace mai jiki da zobba a yatsu huɗu, mayafinta mai ruwan gwal. Ƙanwarsa tana gefe tana danna waya. Shi kuma yana tsaye cikin farar shadda, ya sha guga har tana ɗaukar ido.

Gwaggo ta tare ni a zaure ta damƙi hannuna, tana magana ta cikin haƙora.

“Daga ina? Kalli gindin leshin nan! Jini ne wannan? Innalillahi. Ke wace irin yarinya ce? Rufe da mayafi, wuce ki gaishe su, kuma ki yi masa godiya a gabansu da bakinki, kin ji ni?”

Na wuce na durƙusa na gaishe su. Anti Babba ta dube ni daga sabon kitso har silifas.

“Ita ce mai fitilun? Masha Allah. Ai ya ba mu labari, ya ce da tsince-tsince kike yi, shi ne ya ce bari ya ɗauke miki. Haka yake tun yana yaro, ba ya iya ganin mutum cikin rashi.”

Cikin rashi. Ku ji fa. Na ce, “Sannunku da zuwa.”

Ana kiran magariba aka yi sallama. Shugabar baje kolin ce, da tabaranta da wani littafi mai baƙin bango a hammata, doguwar riga mara ado, takalmi shafaffe. Ta gaisa da kowa a taƙaice, ta ƙi zama, ta tsaya gaban bishiyar ta duba agogo.

Injiniya ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

“In ta tambaya, ki ce duk tsofaffi ne. Na sa sun kankare tambarin kamfani daga jikin farantin da batirin, ba za ta gane ba.”

Na juyo na kalle shi sosai. Wato ya sani. Ya san sharaɗin, ya tuna da shi har ya sa an kankare tambari. Ba mantuwa ya yi ba. Kawai a ganinsa abin da na yi wata bakwai ina yi bai kai a tsaya tambayata ba, kuma ƙaryar da zan yi a kansa ƙaramar aba ce da za a shirya mini kamar yadda aka shirya mini leshi. Duk ɗacin da na ji a filin 'yan gwangwan bai kai na wannan minti ɗayan ba.

Rana ta ƙarasa faɗuwa. Sai ji muka yi ƙit, gaba ɗaya bishiyar ta kama lokaci guda, fari fat, kamar an kunna shagon sayar da magani. Hasken ya dallare tsakar gidan har ana ganin tsagar bango da tabon hayaƙin kicin. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ƙanwarsa ta ɗaga waya tana ɗauka. Anti Babba ta ce, “Kai, kai, kai! Wannan ai ko a gidan biki.”

Shugabar ta kare idonta da littafin. Ta zagaya sau ɗaya a hankali, ta taɓa reshe, ta leƙa akwatin batirin, sannan ta juyo gare ni.

“Hoton da kika turo mana da farko ba haka yake ba.”

Injiniya ya yi caraf ya ce, “An ɗan ƙara gyara ta ne, Hajiya.”

Ko kallonsa ba ta yi ba. “Da mai aikin nake. 'Yata, tambaya ɗaya nake yi wa kowa, ke ma ita zan yi miki. Duk abin da ke jikin nan zubarwa aka yi kika tsinta?”

Gwaggo tana ƙifta mini ido kamar wadda ƙwaro ya faɗa wa. Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Shi kuwa murmushi yake mini, irin na mutumin da ya tabbata an gama magana.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce e. Wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Kalma ɗaya ce, kowa ya tashi da farin ciki, ni ma sunana ya shiga cikin goma sha biyu. Amma sai na hango kaina tsaye a wurin baje kolin kusa da wannan farin abin, mutane suna tambayata yaya na yi, ina amsawa.

Na ce, “A'a, Hajiya. Ƙafar da rassan ne kawai nawa. Fitilun da farantin da batirin duk sababbi ne, yau da safe aka saka su ba na nan. Wannan ba aikina ba ne.”

“La ilaha illallahu,” in ji Gwaggo.

Na buɗe jakata na warware jaridar, na ɗaga reshen nan. Da yake duhu ya yi, ɗan batirin ya ji, sai suka fara kamawa a hannuna da sauran cajin jiya. Ja ɗaya, sai shuɗiya, sai mai ruwan zumar. A cikin wannan farin hasken da ƙyar ake ganinsu.

“Nawa ke nan. Abin da ya rage.”

Shugabar ta matso, ta ɗage tabaranta, ta sa tafin hannu ta yi wa reshen inuwa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke numfashi.

“Wannan hannu ne mai kyau. Amma reshe ne, ni kuma bishiya na zo gani, kuma gobe nake rufe sunaye.” Ta buɗe littafin, ta ja layi ɗaya a gabana, na ji ƙarar biron har cikin haƙorina. “Ki sake nema baɗi. Ki kuma sami ɗaki mai makulli.”

Ta yi sallama ta nufi zaure.

Ba ta kai ƙofa ba Anti Babba ta miƙe tana gyara mayafi. “To, mu ma bari mu kama hanya. Mun ga abin da muka zo gani.” Ta dubi ƙanenta. “Kai kuma ka ga irinta. Ka yi wa mutum alheri, ya tsaya gaban baƙi ya ce ba nasa ba ne.”

Ko lemon ba su buɗe ba. Injiniya ya bi bayansu, fuskarsa a ɗaure, bai ce mini ko sai da safe ba.

Abin da Gwaggo ta yi mini bayan fitarsu ba zai rubutu ba. Ta ce na tozarta gidan ƙanenta, ta ce baƙin hali ne da girman kai, ta ce wace mace ce mai hankali za ta zaɓi shara a kan miji, ta ce in ban kira shi na ba shi haƙuri yanzu ba ta cire hannunta daga lamarina har abada. Ina zaune a bakin darduma da reshena a cinya, ban ce uffan ba. Ba don ladabi ba, in na buɗe baki kuka ne zai fito, kuma na rantse ba za ta ga hawayena ba.

Umma kuwa tana ta mayar da kofuna kan tire, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji wata dariya mara daɗi ta kuɓuce mini.

Gwaggo ta ce, “Shi ne? Me ya ce? Allah ya sa bai fasa ba.”

Ban ba ta ba. Na miƙa wa Umma. Ta goge hannu a zani, ta nisanta wayar da idonta yadda take yi, ta karanta a fili, kalma kalma:

“Kin kunyata ni a gaban 'yan'uwana, amma na yafe miki, na san ƙuruciya ce. Na shawo kan Anti. In mun yi aure ba za ki sake taɓa shara ba, na yi alkawari. Ina dawowa yanzu mu yi magana.”

“Alhamdulillahi!” Gwaggo ta ɗaga hannu sama. “Kin ji ɗan halak. Tashi ki wanke fuska.”

Umma ba ta motsa ba. Idonta yana kan wayar.

“Ya yafe mata,” ta ce a hankali. Ta ɗago ta dubi yatsuna da suka kumbura, ta dubi reshen da ke cinyata, ta daɗe a kansa. “Shi ne ya yafe.”

“To da wa zai yafe?” in ji Gwaggo.

Umma ta ajiye wayar a kan tire. Ta shiga ɗakina, na ji tana jan akwatin kayan aikina, ta fito da filaya mai jan hannu ta ajiye mini a cinya.

“Ni na buɗe musu ƙofa da safe,” ta ce. “Ina tsaye suka zuba a buhu, har na riƙe musu bakinsa. Tashi ki kashe mini wannan abin, yana kashe mini ido.”

“Ke!” Gwaggo ta miƙe. “Kin san abin da kike yi kuwa? Yaron yana hanya!”

“Yaya, tsakar gidana ce.”

Shekara shida da rasuwar babanmu, ban taɓa jin Umma ta mayar wa Gwaggo magana ba.

Na tashi, na lalubo igiyar da ta fito daga farin akwatin, na sa filaya na datse. Duhu ya rufe mu gaba ɗaya. Babu abin da ake gani sai 'yan ƙwayoyi goma sha taran nan a kan darduma, suna ta ƙoƙarinsu.

A daidai lokacin hasken mota ya haska ƙarƙashin ƙofar gida, aka danna hon sau biyu. Na ajiye filayar zan nufi zaure, maganganu cike da bakina. Sai na ji hannun Umma a kafaɗata, ta danna ni na koma zaune.

“Zauna,” ta ce, tana jan mayafinta daga igiyar shanya. “Ni zan buɗe.”